Abin da Na Yi da Muryar Ummanki

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata, Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikata, amaryata mai rowar magana a waya. Allah Ya yi wa aikinki albarka, Ya ba ku zaman lafiya, Ya tsare ku daga abin ƙi. Ni ma nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwar nan ta hagu ta ƙi yin sulhu da matakalar bene, don haka sau ɗaya nake sauka a yini, in kuwa na sauka sai na haɗa duk buƙatuna kafin in hau. Likita ya sauya mini maganin hawan jini, ya ce in rage gishiri, na ce masa wanda ke dafa wa kansa ai sau da yawa ma mantawa yake yi da gishirin. Yayanki ya leƙo makon jiya da babbar motarsa, ya gyara mini famfon banɗaki, ya sha ruwa a tsaye, ya wuce. Ban ga laifinsa ba, hanya ce abincinsa. Ya yi ƙiba, ya kuma fara furfura a gemu, abin da ya hana ni faɗa miki ke nan, to ga shi na faɗa.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa da rubutun hannu, alhali kowace Lahadi muna magana. Dalili shi ne akwai maganar da na ɗauko sau da yawa zan faɗa miki, da zarar na ji muryarki sai in ɓuge da tambayar ko ana ruwa a wajenku. Biro ba ya jin kunya kamar harshe. Ki yi haƙuri da karkacewar layin. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Kin san a watanni ukun da Ummanki ta yi a asibiti, Allah Ya jiƙanta, wayata ce ke kwana a wurinta, tunda tata ta faɗa a bokiti ta mutu tun kafin a kwantar da ita. In na zo da safe sai in tarar ta ɗauki muryarta a ciki, tana yi mini magana kamar ina gabanta. Saƙo sittin da uku ta bari. Yawancinsu nawa ne, kuma ba wata babbar magana ba ce a ciki: in tuna in kashe gas, shuɗiyar rigata tana neman maɓalli, kada in sake dafa shayi a tukunyar miya. Amma bakwai daga ciki ba nawa ba ne. Naki ne, da na abin da ke cikinki a lokacin, wanda ta san ba za ta gani ba. Bayan rasuwa na miƙa miki wayar, kika girgiza kai kika ce ba za ki iya ba tukuna, in ajiye miki, in zuciyarki ta yi ƙwari za ki nema. Na ce miki kin ba mai ajiya ajiya, ki kwantar da hankalinki. Har da murmushi na faɗa, na tuna.

Watanni uku da suka wuce kika ce lokaci ya yi, yarinya ta fara haɗa magana, kina so ta ji kakarta, ke ma kina so ki ji. Na gwada turo miki ta waya, suka ƙi tafiya saboda nauyi, ga wayar kullum tana kukan ta cika. Sai kika ce a zuba su a ma'ajiyar intanet, wadda kuke kira gajimare, in ya so ki shiga daga can ki saurara. Kika ce in bari ki zaɓa ki shirya komai, ni dai in danna abin da kika ce. Nan ne girman kai ya taso mini. Na ce miki shekara talatin da takwas na yi a ɗakin rajista, fayil dubbai sun bi ta hannuna, ko ɗaya bai ɓata ba, ba za a koya mini ajiya da tsufana ba. Kika yi dariya, kika ce to Baba, kika rubuto mini sunayen ma'ajiyu guda uku, kika ce in duba in zaɓa. Da ma kin yi mini gardama a ranar. Amma ba haka muka rene ki ba, don haka wannan ma laifina ne.

Ba da wasa na ɗauki zaɓen ba, ina so ki san wannan, ko da yake ba zai wanke ni ba. Na share teburin cin abinci, na ɗauko sabon littafi da rula, na ja layi gida uku. Kwana huɗu ina karanta bayanansu da tabarau da gilashin ƙara girman rubutu. Ta farko ita ce wadda ta zo tare da wayar, mai sauƙi ce amma wurinta kaɗan ne, na ga kamar kabad ɗin da aka saya don gida mai mutum ɗaya. Ta biyu tana da faɗi, kuma suna alfahari da cewa duk abin da mutum ya goge suna riƙe masa shi har wata shida. Da na karanta wannan sai na taɓe baki, na rubuta a gidanta cewa ofishin da ke kwana da shara wata shida ba ofishi ba ne. Ki duba wautar tsoho. Ta ukun ita ta burge ni, domin tana barin mutum ya jera kayansa jaka cikin jaka, da suna da lamba, tsaf kamar kantocin ɗakin ajiyarmu na da. Sun kuma rubuta cewa abin da ke wayarka shi ne abin da ke wurinsu, a kowane lokaci. Na ce madalla, ga mutanen da suka san aiki. Ita na zaɓa. Na ƙirƙiri kalmar sirri mai tsawo, na rubuta ta, na sa a aljihun kwat ɗina. Kowane saƙo na ba shi lamba da kwanan wata. Yini biyu suna hawa, ina zaune ina kallon ɗan da'irar nan tana juyawa, ina jin kaina kamar ranar da aka ƙara mini girma.

Yanzu sai in gaya miki yadda muke aiki a da, don ki gane abin da ya shiga kaina. A rajista doka ta farko ita ce fayil ba ya zama a wuri biyu. Idan aka gama da shi, za ka kai shi ɗakin ajiya, mai karɓa ya sa hannu, ka soke shi a littafinka, ka share teburinka. Wanda ya bar kwafi a tebur bayan ya kai na asali, shi ne ke haddasa rikici, don wata rana za a rubuta a wannan a manta da wancan. Na hori ma'aikata da yawa a kan haka, har akwai wanda na sa ya yi kuka. To da saƙonnin suka gama hawa, sai na buɗe ma'ajiyar, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina saurarar farkon kowanne, ina sa alama a littafina. Sittin da uku cif. Na rubuta kwanan wata, na sa hannu a ƙasa, ni kaɗai a ɗaki. Sannan na koma cikin wayar na share teburina. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata.

Shekara biyu da rabi ke nan, kowace safiya in na haɗa shayi nakan jingina wayar da gwangwanin sukari in kunna saƙo biyu ko uku, in sha shayina tana yi mini faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ke ce ta farko. Washegarin ranar da na goge su na zauna kamar kullum, na buɗe ma'ajiyar. Jakunkunan suna nan a jere da sunayensu da lambobinsu, yadda na tsara su. Na buɗe ta farko, babu komai. Ta biyu, babu komai. Na fita na sake shiga, na kashe wayar na kunna, na goge tabarau. Ashe ita wannan ma'ajiya ba ɗakin ajiya ba ce, madubi ce. Abin da ka yi a wayarka shi take yi a can. Da na share nan, ita ma ta share can, cikin biyayya, kamar yadda suka rubuta ƙarara kuma na karanta da idona na yaba musu. Shayin ranar a kan tebur ya huce.

Da a nan maganar ta tsaya, Auta, da na kira ki tun a ranar na ce tsautsayi ne, rashin sani ya fi dare duhu. Abin da ya sa nake rubutu ina sunkuyar da kai shi ne abin da ya biyo baya. Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina zan gano su da kaina, tunda ni na ɓatar. Kullum sai in zauna in yi ta danne-danne, ina tsoron taɓa duk abin da ban gane ba, ina zagaya wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure. Ranar Lahadi kika kira kika tambaya, na ce sabis ne ba shi da ƙarfi. Lahadi ta biyu na ce idona ke ciwo. Ta uku na ce na manta inda na sa kalmar sirri, alhali tana aljihuna, ina taɓa ta da yatsa lokacin da nake miki ƙaryar. Kowane karo sai ki ce ba komai Baba, a hankali, kada ka takura kanka. Wallahi da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi. Yayanki ma da ya zo a tsakanin, ya ga ina juya wayar, ya tambaya ko akwai matsala, na ce masa ya ji da motarsa. Sau uku ina saukowa da niyyar zuwa wurin mai gyara, in kai bakin titi, in tuna yadda zan buɗe baki in ce ni, wane, na goge muryar matata da hannuna, sai in sayi burodi in koma.

Sai a rana ta arba'in da ɗaya na je. Kin san mai gyaran nan da ke ƙarƙashin matakala kusa da tashar bas, wanda a da yake gyaran rediyo, yanzu ya koma waya. Kusan sa'ana ne, Injiniya muke ce masa, shi kuma yana kirana Magatakarda. Da ya gan ni sai ya fara tsokana, wai yau me ya fito da gwamnati daga ofis. Da ya ga fuskata ya daina, ya kawar da tarkacen da ke kan benci ya ce in zauna. Na ba shi labari ina kallon ƙasa. Ya karɓi wayar, ya taɓa wasu layuka uku a kusurwa waɗanda ni ban taɓa kusantarsu ba, sai ga wani wuri mai hoton kwandon shara. Ya buɗe, fayau. A samansa an rubuta cewa abin da aka goge yana zama a nan kwana talatin kafin ya tafi gaba ɗaya. Ya tambaye ni ko na tuna ranar da na goge. Ina ma ban tuna ba. Na ciro littafina na nuna masa, ga kwanan wata, ga sa hannuna. Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, ya cire tabaransa ya ajiye. Ya ce da na zo kwana goma sha biyu da suka wuce, da yatsa ɗaya zai dawo mini da su duka kafin in gama gaisawa da shi. Ya ce da wadda ke riƙe shara wata shida na ɗauka, da yanzu muna zaune muna saurare.

Ya tambaye ni me ya tsare ni. Na ce ban ji daɗi ba ne kwanakin. Ya dube ni, ya dubi ledar burodin da ke hannuna, irin wadda ya sha ganina da ita ina wucewa ta tsallaken titi, ya mayar da idonsa kan wayar. Mutumin kirki ne. Ya rubuta wa masu ma'ajiyar a madadina, suka amsa bayan kwana biyu cikin ladabi, suka ce suna taya ni jimami amma abin ya wuce inda hannunsu zai kai. Ya riƙe wayar kwana uku yana tono cikinta da na'urarsa, ko an bar wani ɓurɓushi. Abin da ya samo shi ne hotunan kwalayen magani guda tara da na ɗauka don nuna wa mai kemis. Ko tari ɗaya na Ummanki bai fito ba.

To kin ji. Kwana talatin muryar mahaifiyarki tana zaune a bayan ƙofa tana jiran a buɗe, ni kuma ina ta wannan gefen ina kare mutuncina. Na'ura ba ta ci amanata ba, ta ma ba ni wa'adi mai tsawo. Ba tsufa ba ne, ba rashin ilimin zamani ba ne, kada ki nema mini uzuri da su, don na san halinki. An ce matambayi ba ya ɓata, ni na sha faɗa wa na ƙasa da ni haka, amma da abin ya zo kaina sai na gwammace a rasa ta da a gan ni ina tambaya. Abin da ya fi ci mini rai, ni na ji su har na ƙoshi, ke kuwa da aka yi bakwai ɗin dominki ba ki ji ko ɗaya ba.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga wani ƙaramin littafi mai baƙin bango. Tun ranar da na dawo daga wurin Injiniya nake zama in rubuta abin da ta faɗa, yadda ta faɗe shi, tunda kunnena ya haddace. Na samu hamsin da takwas. Biyar sun ruɗe mini, na bar shafinsu fari, ban yarda in ƙara mata abin da ba ta ce ba. Naki bakwai ɗin duk suna ciki, su na sa a farko, kuma ina da yaƙinin ban sauya kalma ba. A na uku ta ce idan mace kika haifa kada ki bari in zaɓa mata takalmi, don ni duk abin da na saya sai ya yi shekara uku kafin ƙafa ta cika shi. A na shida ta fara magana sai dariya ta ƙwace mata, saboda ma'aikaciyar jinya ta shigo ta same ta tana hira da waya a ƙarƙashin bargo. Na rubuta cewa a nan ta yi dariya. Na daɗe ina kallon layin nan. Ban san yadda ake rubuta sauran ba, yadda take jan numfashi a tsakiya, da yadda take kiran sunanki tana ja masa wutsiya. Na san takarda ba murya ba ce. Ba biya nake yi ba, abin da ya rage a hannuna ne nake miƙa wa mai shi.

Hotunanta suna nan lafiya, Allah Ya taimake ni ban kai kansu ba. Injiniya ya kashe abin da ke haɗa wayar da ma'ajiyar, ya kuma kwafe su a wani ɗan ƙarfe kamar ɗan yatsa, ya ce in ajiye a wani wuri dabam. Ya ce a wannan zamani abin da ke wuri ɗaya kamar babu shi ne, sai yana wuri uku ake cewa an ajiye. Shekara talatin da takwas ina koyar da akasin haka. Yanzu zaɓen ma'ajiya na bar miki, ki ɗauki wadda kika ga ta dace, ki riƙe kalmar sirrin a wurinki, ni ko ba ki ba ni ba ban damu ba. In za ki ji shawarar wanda ya ƙone, ki nemi wadda ta fi daɗewa tana haƙuri da mai kuskure, kuma kafin ki zuba komai ki gwada goge hoto ɗaya marar amfani ki ga abin da zai faru a ɗaya gefen.

Ki gaishe mini da surukina, ki ce ina godiya da rigar sanyin da ya aiko, ta yi mini daidai. Ki gaishe da mahaifiyarsa, Allah Ya ƙara mata sauƙin ƙafar. Ki shafa mini kan amaryata, ki ce angonta ya yi mata laifin da ba za ta gane ba sai ta girma, in ta girma kuma ki gaya mata gaskiya, kada ki rufa mini asiri. Innarki tana gaishe ki, haka ma matar yayanki da yaranta. Su ban gaya musu ba tukuna, na ga ke ya kamata ki fara ji, amma gobe in Allah Ya kai mu zan kira yayanki.

Saura roƙo ɗaya. Ban ce ki yafe mini yanzu ba, wannan sai lokacin da zuciyarki ta ga dama, ko da bayan raina ne. Abin da nake roƙo, idan kin kira, kada ki tausasa murya, kada ki ce ba komai Baba. Da komai. Ki faɗa mini duk abin da ya zo bakinki, ki ɗaga murya yadda kika so, ba zan katse ki ba, ba zan ce rashin kunya ba ne. Ban taɓa gaya miki ba don kada ki ji nauyi, amma duk cikin 'ya'yanta ke kaɗai ce in ranki ya ɓaci kike magana da muryarta sak. Ranar Lahadi wayar tana kan tebur da cikakken caji, ina zaune kusa da ita.

Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan Ummanki, Ya sa ta huta.

Ni ne mahaifinki mai jin kunyarki,
Baba